Ƙauyukan da Hedimasta Ya Ƙirga

Da gundumar ta kusa cika shekara hamsin da kafuwa, shugabanta ya kira tsohon hedimasta ofis, ya ce ya rubuta tarihinta a shafi huɗu: faɗin ƙasa, yawan jama'a, abin da ake nomawa, da sunayen ƙauyukanta arba'in da ɗaya.

Hedimasta mutum ne mai kafiya, ba ya rubuta abin da bai gani da idonsa ba. Ya hau babur ya bi ƙauyukan ɗaya bayan ɗaya, sati uku cur. Bakwai daga ciki kufai ya tarar, rumbuna sun rufta, ciyawa ta cinye tsakar gida.

Na ƙarshe shi ne mahaifar gyatumarsa. Can ya iske kawunsa zaune a bakin rijiya yana gyaran ƙotar fartanya, yana ta tari.

"Kawu, ina mutane?"

"Ƙirga mu ka zo yi? Ba za ka sha wuya ba. Ni ne, sai akuyar nan."

Tsohon ya ba shi labari tiryan-tiryan. Gida sittin ne a da, har kasuwa suna da ita. Kwazazzabo ya fara cin gonakin gabas, ruwan rijiya ya ja baya, samari suka tafi, iyayensu suka bi su. Da matarsa ta rasu bara, shi kaɗai ya haƙa kabarin, wuni guda yana yi.

"Tashi mu tafi gidana, Kawu."

"In bar kabarinta ga wa?"

Hedimasta ya rubuta duk abin da ya gani ya kai ofis. Shugaba ya karanta, ya ɗauki jan biro ya soke shafi biyu.

"Haba Malam! Biki za mu yi, ba zaman makoki ba."

"To a cire sunana, ranka ya daɗe," in ji hedimasta. Aka kuwa cire.

Bayan sati biyu ya koma ƙauyen da ƙullin hatsi da maganin tari. Akuyar ta tsinke igiya tana ta kuka a ƙofa. Kawu yana kwance a ɗaki, ya riga ya cika, jikinsa ya yi sanyi.

Hedimasta ya lulluɓe shi da zane, ya jawo ƙyaure. Sai da ya wuce ƙauyuka biyu kafin ya samu mutum uku da za su taya shi binnewa.