Wuƙa Mai Koren Zare

"To ina bidiyon? Nuna min ko guda ɗaya na gani," in ji Galih, yana juya shayin 'yan aikin biki a ƙatuwar tukunya.

"Bangon da zai fito a bayan bidiyon na gama, Mas," in ji Lintang, wadda ke kiransa Mas, wato yaya. "Dubi launin. Ka san wahalar da na sha kafin na samo wannan ruwan ƙasar?"

"Bango." Ya karɓi wayar daga hannun Lintang, ya ɗaga ta sama, ya juya ta ƙasa. "Tun kafin azumi kike cika mana kunne da darussa goma sha biyu, ashe fenti kike yi."

Ta fizge wayarta ta harare shi, amma dariya ta ƙi ɓoyuwa. Haka Galih yake tun suna yara a wannan lungu na birnin Solo, shi kaɗai ke iya caccakarta ta ji daɗi. Ta bar shi da shayinsa ta koma bayan gidan Bude Harni, yayar mahaifiyarta, inda aka kafa rumfa aka jera murhu, matan unguwa suka zauna a tabarmi kowacce da wuƙar da ta zo da ita daga gida.

Lintang na karatun tsara darussan koyarwa ta intanet, kuma tana son karatun kamar ranta. Ranar da aka ɗauke ta, sai da ta zagaya unguwar a babur ba tare da ta san inda za ta ba. Burinta ta tsara darussan da za su koya wa mata yin kayan ƙwalama na sayarwa, daga zaɓen shinkafa har zuwa ɗaukar hoton da zai ja mai saye. Ta zana jadawali mai launi-launi ta manna a jikin bangon ɗakinta, kowace sa'a da aikinta. Jadawalin ya yi kyau ƙwarai. Abin da bai sani ba shi ne, duk wanda ya leƙo ya ce "Nduk, ɗan zo," kamar yadda manya ke kiran yarinya, to Lintang ta tashi ke nan.

Yanzu ga shi malamarsu, Bu Retno, ta ce ranar Asabar da la'asar za a rufe karɓar darasin gwaji. Ta riga ta ɗaga wa Lintang ƙafa sau ɗaya, ta kuma gaya mata cikin taushin murya cewa babu na biyu. Wanda bai miƙa ba, za a cire sunansa, sai kuma baɗi. Yau Alhamis. Bikin Ndari, 'yar Bude, ranar Lahadi ne, girkin biki kuwa tun jiya aka fara, daga asuba har magariba. Bude ce ta riƙe Lintang shekarun da mahaifiyarta ke aiki a Malesiya. Babu wanda ya taɓa jin kalmar a'a ta fito daga bakin Lintang zuwa kunnen Bude.

"Ga amaryar gaba ta dawo daga wurin mai shayi," wata tsohuwa ta faɗa tana ɓare tafarnuwa. "Nduk, shayin ne ya yi zaƙi ko mai dafawar?"

"Sukarin ne bai ji ba, na je na gaya masa."

"Kin daɗe kina gaya masa kuwa."

Rumfar ta ɗauki dariya. Lintang ta sunkuyar da kai, kunnuwanta na zafi, ta jawo tiren shinkafa mai danƙo da aka dafa da madarar kwakwa. Aikinta naɗe lemper: a ɗebi shinkafar, a cusa mata dagargajen naman kaza a tsakiya, a naɗe da ganyen ayaba. Hannunta na aiki, zuciyarta na can ɗakinta wurin kwamfuta. Darasi na ɗaya, tarihin kayan ƙwalama. Na biyu, tsaftar madafa. Ko kuwa ta fara da tsaftar? Kullum a nan take maƙalewa, sai ta koma gyaran bango.

Wani ɗan ƙara ta ji a gefenta, irin na ganye idan ya yage. Ta waiga. Vania ce, ƙanwar ango, wadda ta zo daga Jakarta aka zaunar da ita cikin mata don kada a ce dangin ango ba su sa hannu ba. Gabanta yagaggun ganye ne tuli, shinkafa ta manne mata har a agogo, idanunta sun ciko.

"Mbak, ni fa ganyen nan ya tsane ni," ta raɗa wa Lintang, tana kiranta Mbak, wato yaya. "Kowa kallona yake."

"Ba tsanarki ya yi ba, ɗanye ne. Taso."

Ta ja ta bakin murhu, ta ɗauki ganye ɗaya ta ratsa shi ta saman wuta. "Kalli fuskarsa. Kin ga ya fara sheƙi? Da ya yi haka sai ki janye. Taɓa ki ji." Vania ta taɓa, ganyen ya yi laushi kamar kyalle. "Yanzu ke yi. A'a, kada ki tsaya wuri ɗaya, zai ƙone. Yawwa. Sai ki bi jijiyarsa wurin naɗi, kada ki gitta ta."

Na farko ya fito a karkace. Na biyu ya tsaya da kyau, kai ka ce a kasuwa aka sayo shi. Vania ta ɗaga shi sama tana nuna wa kowa, hawayen da ke shirin zuba suka koma dariya.

Lintang kuwa tana tsaye ta kasa motsi. Wani daɗi ya lulluɓe ta. Sau nawa Bu Retno ta faɗa musu cewa darasi ɗaya abu ɗaya yake koyarwa, abin da ɗalibi zai tashi ya yi da hannunsa? Ta rubuta maganar, ta ja mata layi, ta ma shafa mata launin rawaya. Ba ta taɓa ganinta da ido ba sai yanzu, a hannun wata baƙuwa mai shinkafa a agogo.

Ta ruga wurin Galih, har tana tuntuɓe da buhun gawayi.

"Mas, riƙe wayar nan. Ɗauke mu. Darasina ke nan, naɗin ganye kawai, ba tarihi, ba komai."

"Sauran goma sha ɗayan fa?"

"Su jira ni. Ɗauka mana."

Ya ɗauka. Vania ta sake ratsa ganye a wuta, Lintang na bayani cike da murna. Da suka gama suka koma bayan tukunyar shayi su uku, suka haɗa kai suna kallo. Hoton ya fito ras. Sai dai muryar Lintang ba ta fita ko kaɗan. Abin da ake ji kawai ƙarar turmi, da kukan zakara, da muryar tsohuwar nan mai tafarnuwa tana bayyana ra'ayinta, dalla-dalla, game da janbakin uwar ango.

Vania ta toshe baki. "Mamata ke nan fa."

"Gaskiya darasin ya yi armashi," in ji Galih. "Ni dai na ƙaru."

Lintang ta goge bidiyon da sauri, suna ta ƙyalƙyala dariya. Amma da dariyar ta lafa, lissafin ya tsaya mata a gaba ƙarara. Darasin yana hannunta, ta san shi daga farko har ƙarshe. Abin da yake nema wuri ne shiru da rana mai haske: yammacin yau ta rubuta abin da za ta faɗa, yammacin gobe ta ɗauka, Asabar da hantsi ta yanke ta haɗa ta tura. Duk lokutan nan kuwa na Bude ne.

"Ki ce mata kanki ke ciwo," Vania ta ba da shawara.

"Gobe ma na ce yana ciwo? Jiƙo za ta aiko min da shi, ta zauna har sai na shanye."

Galih bai yi tsokana ba wannan karon. Ya zuba mata shayi a kofi ya miƙa mata. "Duk wanda ya zana jadawalin nan na bangonki, da gaske yake. Ni dai na ga ba a taɓa ba shi dama ba."

Ta riƙe kofin da hannu biyu. Abin da take ji rabi tsoro ne, rabi wani abu da ba ta shirya sa masa suna ba tukuna.

Aka kira azahar. Mata suka fara miƙewa suna karkaɗe zane, kowacce ta jefa wuƙarta cikin kwandon da ke gindin rumfa. A lungun nan haka ake yi: wadda ta bar wuƙarta a kwando ta ce tana dawowa bayan salla ke nan, ba sai ta buɗe baki ba. Bude Harni na tsaye kusa da kwandon, tana yi wa kowa godiya, tana kuma kallon hannun kowa.

Lintang ta zo ta ƙarshe. Wuƙarta mai koren zare a ƙota tana hannunta. Ta tsaya a kan kwandon har Bude ta ɗago. Sai ta goge wuƙar da gefen zanenta, ta naɗe ta a ganyen ayaba, ta sa a jaka. Hirar rumfar ta yi ƙasa.

"Nduk?" in ji Bude. "Kin manta inda ake ajiyewa ne?"

Lintang ta rusuna, ta kama hannun Bude ta kai goshinta. Muryarta ta fito da ƙarfin da ita kanta ba ta zata ba.

"Ban manta ba, Bude. Lemper ɗin Ndari duk a wuyana yake, kullum da asuba ina nan kafin a hura wuta, kuma Vania ta iya, za ta kama min. Amma daga azahar, yau da gobe, da ranar Asabar har sai na tura darasina, ina ɗakina, ko wa ya kira ba zan fito ba."