Jitar da Ta Daina Kuka a Jibiya

"Ba ni buɗewa," na ce.

Kofur ɗin da ke binciken kaya a rumfar bakin iyaka ta Jibiya ya ɗago kai ya dube ni tun daga ɗankwali har takalmi. Da farko ƙyasta mini yatsa ya yi, ya ce, "Ke, ɗiyar ga, kwance bayan abin ga mu gani." Ni kuwa malama ce a makarantar 'yan mata a Katsina, ko Baturiyar da ke shugabancinmu ba ta ƙyasta mini yatsa.

"Mi kinka ce?"

"Na ce ba ni buɗewa. Mai shi ya tafi salla, ka jira shi." Sai na maimaita masa da Turanci, da ƙarfi, a gaban fatake da masu tallar goro. Na ga kunnensa bai kama rabin maganar ba, mutane ma sun gani. Wani ya tuntsire da dariya.

Abin da nake rungume da shi jita ce mai aiki da lantarki, kuma ba tamu ba ce. Ta Ahmadu ce, mai ƙungiyar kiɗan da yayana Lawal yake bi a Kano. Daga Ankara ta ƙasar Gana ya zo da ita. Tana da wani siririn hannu na ƙarfe kamar mariƙin ludayi. In an danna shi, jakin da tsirkiyoyi ke hawa sai ya sunkuya, muryar ta yi rawa kamar mace mai kuka a ɗaki. Matsalarta ɗaya ce: in ta yi kukan, ba ta komawa daidai. Duk wanda ya danna hannun sai sautin ya karkace, a tsaya ana murɗa kunnuwa mutane na jira.

Yaya Lawal ne kaɗai ya shawo kanta. Gyaran keke ya koya kafin kiɗa, ya ce da ita da wayoyin ƙafar keke duk jirgi ɗaya ne, ka ja nan, can ya saki. Saboda haka Ahmadu ya damƙa masa ita, ya ce shi zai riƙe ta a bikin Faransawa na watan Yuli a Maraɗi, karon farko da zai tsaya a gaba. Sauran makaɗan sun riga sun wuce. Shi Yaya ya biya garinmu Daddara gaida Inna, ni kuma na biyo shi zan je wurin gwaggonmu a Maraɗi.

Kafin mu taso, a zaurenmu na ga aikin da idona. Ya cire murfin baya ya nuna mini sifirin guda uku, naɗaɗɗun wayoyin ƙarfe masu miƙewa su koma. Tsirkiyoyi na ja gaba, sifirin na ja baya, jaki yana tsakiya yana lilo kamar sikeli. Yakan murɗa kaɗan, ya danna, ya kasa kunne, ya sake. Fensirina ya karɓa ya kankare baƙin cikinsa a ramukan da tsirkiya ke bi don kada ta maƙale, ya ɗiga man kaɗe a kan jaki da tsinke. Damina ce, itace ya sha sanyi, kullum da safe sai ya tarar ta motsa. Ranar da ta zauna, ya danna hannun har ƙasa ya saki, ta dawo cif. Ya yi dariya har Inna ta leƙo ta ce, "Ɗan malamai ya zama maroƙi, kuma murna yake." Da zai mayar da murfin ya ce mini, "Luba, ko Inna ce, kar ki bari ta taɓa bayan nan."

Amanar da nake riƙe da ita ke nan. Amma da Yaya ya dawo daga salla ya tarar da cincirindo, sai na ga fuskarsa ta faɗi. Ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa.

"Ranka shi daɗe, Kofur, a yi haƙuri. Murfi ne kawai, yanzu in buɗe maka."

Ashe buɗe murfin ba ya ɓata komai. Abin da ke ciki ne ba a so a taɓa.

"A'a," in ji Kofur. "Kai tashi. Malama mai Turanci ita za ta buɗe. Ta tuɓe takalmin ga nata, ta durƙusa nan, ta kwance da hannunta. In ba haka ba, ku kwan nan."

Yaya ya matso kusa da ni, ya rage murya. "Luba, don Allah. Gwiwa ce kawai. Ƙasa ba ta cizo."

"Yaya, mi na yi mashi?"

"Ba ki yi komi ba. Durƙusa."

Ban durƙusa ba. Na tsaya a inda nake, a wajen inuwar rumfa, jita a ƙirjina. An yi ruwa da asuba, rana ta fito da zafin nan mai ɗanɗatsa, ƙasa na tururi. Gumi ya bi bayana har cikin takalmin da ake faɗa a kai. Direban motarmu ya yi ta danna ƙaho, ya sauko ya ce, "Malama, ko Kumandan na Maraɗi in ya zo nan sai ya cire hula!" Da ya gaji ya ja motarsa, aka jefo mana ƙunshin kayanmu.

Wata tsohuwa mai fura, Inna Barira, ta kawo mini ruwa a ludayi. "Sha, ɗiyata. Boko dai bai hana ƙishirwa." Na sha. Ta je ta ba Kofur baki, ta kira shi da sunan uwarsa, ya kau da kai. Ta dawo ta ce, "Kin ga tsayin nan naki? Ba ƙafarki ka ɗaukar shi ba, wancan bawan Allah na." Ta nuna Yaya da haɓa. Yana tsugune a gindin bedi, yana kallon hanyar Maraɗi, yana murza yatsun hagunsa ɗaya bayan ɗaya. Tun daga lokacin ban ƙara iya duban wajen ba. Ƙafafuna suka yi nauyi, hannuwana suka mutu, wuyan jitar ya yi zafi kamar an ɗauko daga murhu. Sau da yawa gwiwata ta so ta lanƙwashe da kanta. Sai in tuna yatsan nan da aka ƙyasta, in miƙe.

Da la'asar ta yi, motar ƙarshe ta iso, Kofur ya ga abin ya ishe shi. Ya fizge jitar daga hannuna, ya kifa ta a kan teburi, ya kwance murfin da bakin wuƙa.

"To! Ga ƙarafa ɓoye. Mi ke ƙarƙashinsu?"

"Babu komi, ranka shi daɗe, itace ne! Bari in cire maka a hankali..."

Bai saurari Yaya ba. Ya sa filaya ya finciko sifirin ɗaya, na ji jaki ya yi ƙara, tsirkiyoyin duka suka saki nishi. Na biyu ya miƙe a bakin filayar kamar taliya. Ya leƙa ramin, ya busa, ya tura mana ita.

"Ku tai. Malama, a gaida Turawa."

Yaya ya ɗauki jitar. Ya zauna a ƙasa ya mayar da biyun da suka rage, ya murɗa kunne ɗaya, sauran biyar suka zube. Ya bi su, ta farkon ta gudu. Direba na kira. Sai ya roƙi Inna Barira guntun tsohuwar muciya, ya fere shi da wuƙa, ya cusa a bayan ƙarfen jaki ya danne shi ƙam. Ya ɗaure tsirkiyoyin, suka zauna. Ya taɓa hannun ƙarfen, ko motsi.

A mota na ce, "Yaya, ka yi mani faɗa mana."

"Riƙe ta da kyau, akwai gargada," ya ce.

Mun isa Maraɗi ana shirin magariba, an tada injin wuta, makaɗa na gwaji a farfajiya. Ahmadu ya taso da fara'a yana cewa, "Ga mai sa ta kuka nan! Tun jiya nake ba su labari." Ya karɓa, ya haɗa waya, ya kaɗa, ya danna hannun. Ya sake dannawa. Ya juya bayanta ya ga guntun muciya.

"Lawal, mene ne wannan?"

"A iyaka ne aka bincika."

"Kai kaɗai aka taɓa bincika? Jiya mun wuce da ganguna da ƙahoni, goro biyu muka bayar." Ya duba sifirin da ya miƙe, wanda ko a Ikko sai an yi odarsa daga bakin teku. "Ina kake aka yi haka?"

Na buɗe baki, Yaya ya riga ni. "Ina wurin."

Ahmadu ya rataya jitar a kafaɗarsa, ya ɗauko caki biyu ya miƙa masa. Yaya ya karɓa, ya koma can baya kusa da mai ganga.

Bayan bikin Ahmadu bai ƙara kiransa ba. Yanzu yana bakin kasuwar Jibiya yana ɗaure wayoyin keke, ba nisa da rumfar. In na zo hutu yakan tashi ya karɓi jakata, ya ce, "Malama ta iso." Har yau in na tuna yatsan Kofur, ban ga yadda zan durƙusa ba. Na wuce iyaka da takalmina a ƙafa, gwiwata ba ta taɓa ƙasa ba, Yaya Lawal kuwa ya rasa jitar, ya rasa gurbinsa a ƙungiyar.