Matakin Ƙafar Barira

Shekarar da fetur ya gagari talaka, rabin baburan ƙauyen su Malam Yuguda sun koma gindin rumbu, kaji suna hawa kansu. Nasa ma can ya nufa, sai ciwo ya shanye wa matarsa Barira ɓarin hagu. Likita a Ɗanbatta ya ce duk Laraba a kawo ta gashin ƙashi, in ba haka ba ita da tafiya sai dai labari. Laraba biyu ta wuce ba su je ba, don ranar da suka gwada, ƙafar ta zame daga ɗan siririn matakin babur na baya ta ja ƙasa, saura ƙiris taya ya cinye ta.

Mai walda a bakin titi ya yanko masa ƙarfe mai faɗin tafin ƙafa, ya lanƙwasa masa baki a gefe, don ya zama sabon mataki. Ya ce, "Baba, tunda babban jak ɗinka na tsayar da babur ya karye, ka samu mutum ya riƙe maka babur ɗin a tsaye. Ƙaramin nan hagu yake kwantar da shi, hannunka ba zai kai ga notin ba."

Mutum kuma? Faɗa da baki ai ba wuya. Mati da Sama'ilu, 'ya'yansa, sun tafi Kudu ci-rani, damina biyu ke nan ko ƙeyarsu. Maƙwabta duk kanwar ja ce, gida gida tsofaffi ne da tari.

Da hantsi ya mirgino turmin Barira, wanda rabonsa da taɓarya tun da ta kwanta, ya kwantar da shi ƙarƙashin inji, ya tokare da dutse. Yana danna sifana turmin ya mirgine, babur ya kife masa a cinya. Ya daɗe a ƙasa yana jiran wani ya leƙo ya ce sannu. Ba wanda ya leƙo. Wallahi kaɗaicin ya fi ƙarfen da ya danne shi ciwo. Ya ja jiki ya fito, ya haƙa wa turmin ɗan gurbi a ƙasa, wannan karon ya zauna daram. Kafin azahar noti huɗu sun kama.

Ranar Laraba ya ciccibo Barira ya ɗora, ya sa ƙafar a sabon matakin, ta zauna cif. Ya hau, sai ya ji tana zamewa gefe. Shekara arba'in yana ɗaukar ta, daga keke har babur, ba ta taɓa riƙe shi ba. Ƙarfen ɗaure kaya na baya take kamawa, don kunya. Yanzu hannu ɗaya ya mutu, ɗayan ba zai iya shi kaɗai ba.

"Riƙe ni," in ji shi.

"Haba Malam."

Ya sauka yana tallafe da ita, ya warware rawaninsa, ya zagayo da shi ta bayanta, ya koma ya zauna ya ɗaure a ƙirjinsa yadda mata suke goyo. Ya ji goshinta a tsakiyar bayansa, da zafi.

A hankali ta ce, "Mutane za su gan mu."

Ya buga babur ya tashi. Suka ratsa ƙauyen tun daga ƙofar gida har bakin titi, tana ta ɓoye fuska a rigarsa. Bai gaya mata cewa ba kowa a hanyar ba.