Fentin Bahaguwa

Ottmar ya dangwala burushi a gwangwanin fenti, ya ja layin rawaya a jikin itacen, a tsaye ƙyam, sannan ya matsa baya ya dubi Gudrun.

"To, shugaba, wannan ma ba a ganinsa?"

Gudrun ta ce ana gani, ta rubuta wani abu a wayarta. Ita ce sabuwar shugabar ƙungiyar masu tattaki ta garinsu, masu kula da hanyoyin ƙafa a wannan yanki na kwarin kogin Lahn. Ottmar ya san ta tun tana yawo da majina a hanci, don tare da ubanta suka yi makaranta. Wai yau ita ce ta zo duba masa aiki.

Maganar ita ce, tun shigowar bazara wasiƙu huɗu suka iso ƙungiya, duk kukansu ɗaya: an ɓata a hanyar Ottmar. Ta ƙarshe daga wasu mata biyu 'yan Holan ta fito, waɗanda suka yi awa uku suna bulayi a daji, suka ɓulla gonar inabin wani, ɗaya da targaɗe a ƙafa. Kwamiti ya ce ranar Juma'a za a zauna, in laifin alamomi ne a karɓe hanyar a ba mai jini a jika. Shekara talatin da huɗu ke nan kilomita goma sha ɗayan nan suna hannunsa, kuma ban da su ba shi da abin da ke fitar da shi gida. Abin ya ci masa rai ƙwarai. Ya ce ai mutanen Holan ƙasarsu a shimfiɗe take kamar faranti, da sun ga tudu sai kansu ya juya.

Suka ci gaba da hawa. Shekarunsa saba'in da shida, amma Gudrun ce ke haki, shi kuwa bai fasa yi mata karatu ba: alama daidai tsayin ido, ɗaya kafin mararraba, ɗaya bayanta don hankalin mai tafiya ya kwanta. Duk inda suka iso ga layinsa nan raɗau. Can ƙasa kogin yana ta lanƙwasa, da 'yan kwale-kwalen masu hutu a kai.

A tsakiyar hanya akwai wani benci da ke fuskantar ruwa. Gudrun ta nemi su ɗan zauna, ya ce ita dai ta zauna, shi ba ya zama a nan. Kowa a gari ya san labarin bencin. Duk shekara ranar fenti, matarsa Irmtraud takan hau jirgin ƙasa da sassafe da nata gwangwanin, ta sauka a ƙauyen da hanyar ta ƙare, ta taso daga can. Shi ya taso daga gida. A bencin nan suke haɗuwa su ci burodi da cuku, su sha kofi, ta yi masa tsiyar ya makara, sannan su wuce juna. Shi ya ƙarasa tasha ya dawo a jirgi, ita ta isa gida a ƙafa. Shekara uku ke nan da rasuwarta. Shi dai bai fasa nasa ba: ya taso daga gida, ya wuce bencin ba tare da ya kalle shi ba, ya dawo a jirgi.

Ƙarfe ɗaya da rabi suka sauko tashar ƙauyen. Ottmar ya rufe gwangwani, ya ce alama ɗari da sittin da biyu, ta faɗa masa wadda ta kasa gani. Gudrun ta ce babu ko ɗaya. Ya ce to ta gaya wa kwamiti su sayi tabarau su aika Holan.

Ta yi dariya, ta buɗe wasiƙar matan a waya ta sake karantawa. Sai dariyar ta ɗauke.

"Kawu Ottmar, matan nan daga tashar nan suka taso." Ta juya ta fuskanci dajin da suka fito. "In ni baƙuwa ce, ina zan bi?"

Ya ɗaga hannu zai nuna, ta ce ba da hannu ba, ya nuna mata alama.

Ya duba itacen farko. Babu komai, sai gansakuka. Ya duba na biyu, haka. Layinsa na ɗazu yana nan bai ko bushe ba, amma a ɗaya gefen yake, yana kallon mai zuwa daga gida. Shekara talatin da huɗu bai taɓa bin hanyarsa ta wannan fuska ba, ko sau ɗaya. Wannan gefen na Irmtraud ne.

Ya ciro wuƙa ya kankare gansakukar a hankali. Ga shi nan kuwa, layi ya koɗe ya koma kalar toka, ya ɗan karkace. Bahaguwa ce, layinta bai taɓa miƙewa ba, kuma sun sha faɗa a kan haka. Takan ce masu tafiya ba awo suka zo yi ba.

Gudrun ta ce ba sai maganar ta kai Juma'a ba. In ya sabunta wannan gefen kafin Alhamis za ta zo ta bi da kanta, ta shaida wa kwamiti an gyara. In kuma abin ya yi masa nauyi, sai a turo wani ya shafe tsofaffin ya yi sababbi.

"Ba wanda zai taɓa su," in ji shi. "Hannunta ne."

"Na sani, Kawu. Amma yanzu ba sa nuna wa kowa hanya."

Jirgi ya iso, ta tsaya a ƙofa tana jiransa, ya yi mata alama da kai ta tafi. Ta miƙo masa sauran burodinta da gorar ruwa, ƙofa ta rufe.

Ya daɗe tsaye gaban itacen. Yana jin kewarta kamar jiya aka binne ta, kuma ya san da zarar fenti ya hau, wannan layin ya tafi ke nan. Ya girgiza gwangwanin, ya ji zai kai shi ko da bencin ne. Ya buɗe, ya dangwala, ya kai hannu, sai ya tsaya.

Ya mayar da burushin hannun hagu.

Layin ya fito a karkace, har da ɗigo yana gangarowa. Ottmar ya dube shi, ya ce a ransa ai masu tafiya ba awo suka zo yi ba. Ya ɗauki gwangwaninsa ya fara hawa, yana neman itace na biyu.