Ƙarafunan Tashar Bas

"Inna, ya sake tambaya," in ji 'yar Mai Rediyo daga bakin ƙofar shagon. "Wai me ya sa tasha ta yi shiru."

Tela ba ta ɗaga ƙafarta daga keken ɗinki ba. "To, me kika ce masa?"

"Na ce ruwan sama ne ya kori mutane. Kwana tara ke nan ina ɗora wa ruwa laifi, ga rana ƙwal. Likita ya ce da wuya ya kai jibi."

Sai a nan keken ya tsaya.

Shekara goma sha ɗaya tsoho Mai Rediyo yana zaune a ɗakin da ke saman shagonta. Da mutane suka daina kawo gyaran rediyo, sai ya koma tsintar tsofaffin bututun ƙarfe. Kowanne sai ya yanka shi da zarto, ya buga, ya kasa kunne, ya ƙara yankawa, har ya ba da muryar da yake so. Ya rataye su a jikin shingen tashar bas da ke gaban gidan, masu kauri a wannan ƙarshen, sirara a wancan, taku goma tsakani. Da gangan ya raba su, don kada mutum ɗaya ya iya kiɗan shi kaɗai. In ka buga, sai ka jira wanda ba ka sani ba ya amsa maka.

Kuma ana amsawa. Ma'aikaci da jakarsa ya buga, mai shara ta amsa da ƙotar tsintsiya, a ƙyalƙyale da dariya, bas ta zo kowa ya kama gabansa. Tsohon yana taga yana washe baki kamar an yi masa haihuwa.

Ita kuwa Tela ƙarar nan ta tsaya mata a wuya. Ita ta rubuta takardar ƙorafi, ita ta bi shaguna ana sa hannu. Takardar ta yi wata takwas tana barci a ofis har ta manta da ita. Sai da tsohon ya kwanta ciwo sannan motar hukuma ta zo ta kwashe komai. 'Yar ba ta san hannun wa ke ciki ba, kullum da ladabi take gaishe ta, kuma gaisuwar nan ta fi zagi ciwo.

"Ki taimake ni, Inna. Ko sau ɗaya ya ji an buga an amsa. In na tsaya bugawa da kaina, zan bar shi shi kaɗai."

"Koma wurinsa," in ji Tela. "Ki buɗe tagar sosai."

Ta ɗauki babban almakashinta ta fita. Mutum kusan goma ne ke jiran bas, kowa ya sunkuyar da kai a kan waya. Ta ƙwanƙwasa shingen sau uku. Ƙarar ba daɗi, amma ta kai sama. Ta jira. Shiru.

"Ɗan'uwa," ta ce da wani mai jakar kayan aiki, "je can ƙarshen ka buga."

"In buga me, Mama? Ai sun cire."

"Ƙarfen za ka buga!"

Mutumin ya dube ta sama da ƙasa, ya matsa gefe. Ta sake bugawa, ta roƙi wannan, ta roƙi wancan. Kunya ta rufe ta, haushi ya cika ta, gumi na bin bayanta.

Mai kantin da ke maƙwabtaka da ita ya leƙo yana dariya. "Ikon Allah! Mai dokar barci ta ɓuge da gyangyaɗi! Ba ke kika kawo mana takarda muka sa hannu a cire ba?"

Da ƙarfi ya faɗa, ga taga a buɗe. Tela ba ta iya ɗaga kai ba. Ta ci gaba da dukan ƙarfen har kafaɗarta ta yi tsami.

Can sai ga amsa daga ɗaya ƙarshen, siririya, sau uku. Wata ma'aikaciyar jinya ce da mukulli a hannu, tana murmushi. Tela ta buga, ta amsa. Wani ya sa wayarsa a aljihu ya shigo da zobensa, mai jakar ma ya zaro sifana. Kafin ka ce kwabo tasha ta ɗauka, ana bugu ana dariya.

Sai a lokacin Tela ta dubi sama. 'Yar tana tsaye a taga, idanunta jajur, ita kaɗai take kallo.

"Ki huta," ta ce. "Ya cika tun kafin a amsa."

Ta jawo murfin tagar ta rufe. Hayaniya ta hana sauran su ji. A can ƙarshen shingen, ma'aikaciyar jinyar ta buga sau uku, ta ɗaga mukullinta sama tana jira.