Ragowar Gurasa

Zalmai ya sake ƙirga fangalin a karo na uku, ko Allah zai sa lissafin ya canza. Bai canza ba. Cikin goma sha takwas, bakwai sun tafi. Inda shekaranjiya alkama take tsaye har ƙugunsa, yau sai kara a kwance, da sawun kofato, da kashin shanu. Ƙananan allunan da ya rubuta wa lamba da hannunsa duk an tattake su cikin laka.

"Su uku ne," in ji Chacha Sukhram, tsohon da ke gadin gonar gwajin jami'ar. Yana tsugune a bakin magudanar ruwa, rawaninsa a hannu. "Farar nan taka, da wasu biyu da ta gayyato. Na gangara buɗe ruwa, kafin in dawo sun ci biki sun watse."

Farar nan taka. Maganar ta sauka a cikin Zalmai kamar dutse. Sai ya taka zuwa ƙofar gonar. Kwaɗo na nan a kulle. Ya bi shingen waya har kusurwar gabas, inda yake tsayawa kullum da safe. Nan wayar ta kwanta har ƙasa, da farin gashi maƙale a jikinta.

Shekararsa ta uku ke nan a Indiya yana digiri na uku kan alkamar da ke jure ƙarancin ruwa. Wannan shuka ita ce ta ƙarshe. Saura mako uku a girbe, ya auna, ya rubuta babin ƙarshe, ya koma ƙasarsu, garinsu Baghlan. Da ciki wata biyar ya bar matarsa Gulalai, kuma bai taɓa zuwa hutu ba, don ya ga waɗanda suka je suka rasa bizar dawowa.

To, a garinsu ba a jefar da gurasa. Ko gutsure mutum ya gani a ƙasa, sai ya ɗauka ya sumbata, ya kai goshi, ya ɗora kan katanga don tsuntsu ko dabba. Kakarsa ta taɓa ja masa kunne har ya yi ja saboda ya tsallake ɓawon gurasa. Da ya zo nan, sai ya ga a ɗakin cin abincin ɗalibai ana kwashe ragowar gurasa a zuba a bola tare da ruwan wanke-wanke. Ya daure, ya daure, ya kasa. Sai ya fara bin tebur yana tattarawa a leda. Shanu kuwa ga su nan ko'ina ba mai su, da nono ya ƙafe ake sakinsu su yi ta yawo, ba mai duka, ba mai yanka. Wata fara mai karyayyen ƙaho ta saba tsayawa a bayan shingen gonarsa, shi kuma ya saba miƙa mata ta saman waya. Wata huɗu ana haka. Kullum tana jingina ƙirji, kullum wayar tana ƙara lanƙwasa, bai taɓa lura ba. Jiya ya wuni a layin ofishin rajistar baƙi a cikin gari. Ta zo, ta jira, ba gurasa. Ga kuma alkama tana ƙamshi.

Ƙarfe goma sha ɗaya yana ofishin Madam Tripathi, malamar da ke duba aikinsa. Fanka na juyawa a sama, tana kaɗa iska mai zafi.

"Zauna. Sha ruwa tukuna, fuskarka kamar ta mamaci," ta ce. Ta tura masa wata takarda da aka riga aka buga. "Ka saurare ni da kyau. Da fangali sha ɗaya ba mai karɓar kundinka. Dole a sake shuka baɗi. In laifin ma'aikatan gona ne, kwamiti zai ƙara maka shekara, da tallafi da biza. In laifin ɗalibi ne, sai dai ka ɗaure kayanka. Na rubuta cewa mai gadi ya bar ƙofa a buɗe."

"Madam, ƙofar a kulle take."

"Ban tambaye ka ba, Zalmai."

Ya sunkuyar da kai. "Me za a yi wa Chacha?"

Ta cire tabarau ta murza ido. "Ma'aikacin yini ne, ba shi da takardar aiki. Shugaban gona zai sallame shi, dama dalili yake nema, yana da ɗan'uwa da yake son sakawa. Ba ni na tsara duniya ba. Ni ɗalibina nake ƙoƙarin cirewa daga rami." Ta nuna da biro. "Kai ka sa hannu nan, shi ya dangwala nan. Ga tawada. Ƙarfe huɗu nake rufe fayil."

Maganar gurasa ta zo masa baki, ya haɗiye ta. Ya naɗe takardar ya fita.

A rumfar mai shayi ya tarar da Bishnu, ɗan Nepal ɗin da suke ɗaki ɗaya. Labari ya riga shi zuwa.

"Khan sahib! An ce budurwarka ta zo da ƙawayenta ganin gida?" Bishnu ya matsa masa a benci; Khan sahib yake kiransa in zai tsokane shi. "Wata huɗu ina ce maka leda tana wari a ɗaki, ka ce al'ada. Yau al'ada ta ci digiri."

"Bar wasa, Bishnu bhai."

Bishnu ya karɓi takardar ya karanta, dariyar ta gudu daga fuskarsa. Ya sa a kawo shayi biyu.

"Sa hannu," ya ce a hankali. "Wa ya san maganar gurasar? Ni da kai da tsohon. Ni ba zan faɗa ba."

"Shekara ashirin da shida yana gonar nan."

"Kai kuma shekara uku kana cin wake da shinkafa kana kuka a banɗaki, kana tsammanin ba na ji. In ka koma hannu rabbana, me za ka ce wa babanka? Saniya ta cinye? Ko yaran unguwa sai sun yi maka waƙa."

Wayar Zalmai ta yi ƙara. Saƙon murya ne daga Gulalai. Ya kara a kunne. Ta gaishe shi, ta ce an yi ruwa jiya, mahaifiyarsa ta ji sauƙin ƙafa. Sai ta ce, "Ga 'yarka, tun safe take damuna." Wata ƙaramar murya ta shigo, tana numfashi a bakin waya: "Baba, alkama ta nuna?" Haka suka saba gaya wa 'yar tasu Marwa, in alkama ta nuna Baba zai zo.

Ya ajiye wayar a kan cinya. Shayin ya huce bai taɓa ba.

Wajen ƙarfe biyu da rabi ya koma gona. Rana ta take, ko tsuntsu ba ya motsi. Chacha Sukhram na kusurwar gabas yana ɗaga wayar da hannu, yana ɗaure ta a jikin sabon turke, yatsunsa biyu na jini. Can gefe, a inuwar darbejiya, farar saniyar na kwance tana tuƙa, ko a jikinta.

"Dube ta," tsohon ya ce. "Kamar matar hakimi bayan walima."

"Chacha, me ya sa ba ka gaya wa shugaban gona cewa ni na saba mata da nan ba?"

"In ce me? In kai ƙarar wanda ya ciyar da uwa? Mu nan saniya uwa ce." Ya tofa yawu a tafi ya sake kama waya. "Ni ma ina ba ta. Gurasar farko da matata ke gasawa kullum tata ce. Amma ni a ƙofar gida nake ba ta, beta, ɗana, ba a bakin gona ba. Ku masu ilimi sai Allah!" Ya yi dariya har haƙoransa huɗu suka fito.

Sai ya ga takarda da gwangwanin tawada a hannun Zalmai. Ya saki wayar, ya goge babban yatsansa a riga sosai, gaba da baya, don kada ya ɓata takardar gwamnati. Ya miƙo shi.

"Ina zan dangwala? Amma karanta mini tukuna. Ban taɓa sa yatsa a abin da ban ji ba. In 'yan ofis suka karanta, sauri suke yi. Kai ka fi su natsuwa."

Zalmai ya warware takardar. Ya karanta kwanan wata. Ya karanta sunansa da sunan sashensu. Ya karanta cewa shanu uku sun shiga gonar gwaji sun lalata fangali bakwai.

"Haka ne," tsohon ya gyaɗa kai. "Bakwai. Ci gaba."

Layi na gaba yana nan a gabansa, baƙi ƙirin. Ya ɗaga ido. Chacha ba takardar yake kallo ba, shi yake kallo, yatsan na nan a miƙe, da ɗan jini a gefen farce.

"Ci gaba mana. Ko Turancin ya yi maka tauri?"

"Akwai kuskure a ciki, Chacha."

"Kuskure? Madam guda?"

"Ba nata ba ne."

Ya mayar da murfin tawadar. Ya tsuguna, ya juya bayan takardar a kan gwiwarsa, ya ciro biro. Rubutun ya karkace. Layi huɗu kawai ya yi: ƙofa a kulle take, shi ne ya yi wata huɗu yana ba saniya ragowar gurasa ta saman shinge har waya ta kwanta, mai gadi yana wurin aikin ruwa a lokacin. Ya sa hannu.

"To ni fa?" in ji tsohon.

"Ba a bukatar yatsanka yau."

Chacha Sukhram ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya juya ya koma kan gyaran shingensa.

Madam Tripathi ta karanta sau biyu. Ta ajiye, ta kalli fanka.

"Gurasa," ta ce.

"Eh, Madam."

"Shekara uku, Zalmai. Kai ne ɗalibin da bai taɓa makara ba. Wannan ba zan iya kare shi a gaban kwamiti ba. Dariya za su yi, sannan su ƙi." Ta juya takardar gaba, ta juya baya. "Takarda ɗaya ce, fuska biyu. Har yanzu akwai minti goma. Wacce zan kai?"

"Wadda na sa wa hannu."

Ta yi ajiyar zuciya, ta saka ta cikin fayil, ta ja igiyar ta ɗaure.

A matakalar bene ya zauna ya ciro waya. Ya danna wajen naɗar murya, ya saki. Ya sake dannawa. "Gulalai, ki gaya wa Marwa saura mako uku alkama ta nuna. Sauran bayani sai na kira." Ya tura kafin zuciyarsa ta hana shi.

Da yamma ya shiga ɗakin cin abinci da wuri, don bai sa komai a ciki ba tun safe. Ɗalibai na ta hayaniya, ana kallon wasan ƙwallo a waya. A ƙarshen teburinsu wani ya tashi ya bar rabin gurasa, ta zame ta faɗi ƙasa. Kafin Zalmai ya yi tunani, hannunsa ya riga ya ɗauke ta. Ya hure ƙurar, ya sumbata, ya kai goshi.

Bishnu ya tsaya da cokali a hannu. "To, Khan sahib, yanzu kuma wa za ka kai wa?"

Zalmai ya duba taga, ya duba bolar da ke bakin ƙofa. Sai ya gyara zama, ya gutsura, ya fara ci a bushe, a hankali.