Agwagwa Mai Takalmi Ɗaya

Shekara talatin da bakwai Uwar Kaki ta yi tana tace wa mijinta kakin zuma, har sunanta na yanka ya ɓace a unguwa. Mijin shi ne Mai Zubi, wanda ke aikin tagulla a wata rumfa bayan gidansu. Ga yadda aikin yake: a siffanta abu da kaki, a lulluɓe shi da yumɓu, a gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, sannan a zuba narkakkiyar tagulla a gurbin da ya bari. In ta huce sai a fasa yumɓun. Abin da ka tarar a ciki shi ne rabonka, don kakin ya riga ya tafi.

Ita nata tacewa ne da kwaɓin yumɓu da zuga wuta. Siffantawa kuwa tasa ce shi kaɗai, har ranar da hannunsa ya soma rawa.

Ana cikin haka asibitin ƙashi na yara ya aiko da buhu biyu na tsofaffin kawunan famfo da makullai, aka ce a narka a yi dabbar da za a girke a tsakar gidan asibitin, inda yara ke koyon taka ƙafa. Babbar Likita ta ce zaki take so, don yaran su ga jarumta. Mai Zubi ya kwana huɗu yana fama da curin kaki. Da ya gama, Uwar Kaki ta duba ta gaba, ta zagaya ta duba ta baya.

"Malam, wannan zaki ne ko kyanwar da aka tsamo daga rijiya?"

"Ke dai bakinki ba ya hutu," in ji shi. Amma bai yi dariya ba. Ya tura mata curin da hannun nan nasa mai karkarwa. "Shekara nawa kina kallo? To, ga shi nan."

Allah ya sani ta gwada zakin. Sai dai ita ba ta taɓa ganin zaki ba in ba a jikin kalanda ba, kuma duk sanda ta kama bakin, sai yatsunta su ja shi ya yi tsawo ya yi faɗi. A karo na uku ta gane abin da hannunta ke nema.

Shekarun baya, autarsu tana 'yar shekara shida ta faɗo daga tsani ta karye a ƙafa. Ƙashi ya haɗe sarai, amma yarinya ta ƙi taka ƙasa. Wata biyu ana lallashi, ana tsawa, ana alkawarin alewa, duk a banza. Suna da wata agwagwa a lokacin, mai shisshigin tsiya. Rannan ta cusa ƙafa cikin takalmin robar Auta da ke bakin ƙofa, takalmi ya maƙale. Maimakon ta rikice, sai ta ɗaga kai ta ratsa tsakar gida ƙwas, ƙwas, ƙwas, tana yanga kamar wadda ta ɗinka sabon kaya. Auta ta yi dariya har da hawaye, ta miƙe za ta ƙwato takalminta. Sai da ta yi taku biyar kafin ta tuna ƙafarta ba ta takuwa. Yau Autar nan 'ya'yanta uku, kuma ba a iya cim mata a tafiya.

Agwagwar nan Uwar Kaki ta yi. Ƙirji a gaba, baki a sama, ido ɗaya a kanne, ƙafar takalmin a ɗage.

Mai Zubi ya daɗe yana kallo. "Zaki fa aka ce."

"Na ji da kunnena."

"Tagullar tasu ce. In suka ƙi, wuta za ta koma, a yi musu zakinsu."

"A zuba tukuna," in ji ta.

Ranar zubi su biyu suka riƙe awartakin ɗaga tukunyar narkakkiyar tagulla, hannunta a kan nasa, har tukunyar ta ƙare. Washegari da hantsi aka fasa yumɓu. Agwagwa ta fito cif, har da igiyar takalmin. Sai dai duk bayanta shatin yatsu ne, a gindin wuya kuma ga wani ɗan rami inda ta danna babban yatsa. Ashe Mai Zubi kafin ya lulluɓe kaki yakan bi shi da wuƙa mai ɗumi ya shafe. Shekaru talatin da bakwai yana yin haka yayin da ita take can tana kwaɓin yumɓu, ba ta taɓa gani ba, shi kuma bai taɓa tunanin abin faɗa ba ne. Tagulla kuwa ba ta rufa wa kowa asiri.

"Miƙo magagari in goge," in ji ta, kunya ta rufe ta.

Ba ta kai ga gogewa ba sai ga sallamar Babbar Likita. Ta shigo rumfar tana tattare farar rigarta saboda toka.

"Baba, ina zakin namu?"

Mai Zubi ya buɗe baki, Uwar Kaki ta riga shi. Ta ba da labarin Auta tun daga tsani har taku biyar, har da kwaikwayon tafiyar agwagwa a tsakanin buhunan gawayi. Likita ta danne dariya, ta kasa. Ta durƙusa tana shafa bayan agwagwar, sai ta tsaya.

"Waɗannan layukan fa? Zubin ne ya ɓaci?"

Da Mai Zubi ya ce e, da shi ke nan, laifi da yabo duk su tafi da sunansa. Sai ya kamo hannun matarsa, ya ɗora babban yatsanta a ramin nan na gindin wuya. Yatsan ya zauna daram.

"Yatsun mai aikin ne, Likita. Ni wuta kawai na taya ta."

Likita ta dubi yatsan, ta dubi mai shi. "Mama, ina da yara goma sha ɗaya da ƙashinsu ya haɗe, tsoro ne ya hana su takawa. Zaki ba zai tashe su ba, sai dai ya ƙara zaunar da su. Kada wanda ya sa mata magagari."

An girke ta a tsakar gidan asibitin, a ƙarshen dogon baranda. Ba wanda ya koya wa yaran, amma duk wanda ya tako har wurinta sai ya sa yatsa a ramin wuyan. Cikin wata uku wurin ya yi ƙyalli fiye da ko'ina a jikinta. Uwar Kaki ta je ta gani da idonta, ta tsaya daga nesa tana gyara mayafi, ta dawo gida tana taku ɗai-ɗai, kai a sama.

Ta tarar da Mai Zubi a gindin murhu yana tace kaki. Ta ɗaga kwanon ta duba a haske.

"Malam, da ƙafar ƙudan zuma a ciki. Sake tacewa."